Rumbun Gidan Ma'aikaci

Bana ma damina rabin aiki ta yi mana ta tafi. Hatsi ya fid da kai, ruwa ya ɗauke, zangarniya ta tsaya fara fat, in ka murza ta a tafin hannu sai ƙaiƙayi. Ba mu gama tattara ɗan abin da ya samu ba kamfe na zaɓen shugaban ƙasa ya shigo, motoci masu lasifika suna ta zarya tsakanin Filinge da ƙauyuka.

Ran Lahadi ina zaune a kasuwa bakin faifan ƙuli-ƙulina, mai shayin da ke gefena ya ƙure rediyo. Mutum biyu aka haɗa muhawara. Ɗaya ya ce gwamnatinsu ta samar wa matasa aikin yi dubu kaza, ya faɗi lambar har da jelarta. Ɗayan ya ce ƙarya ce, ko wanda ya wuni guda yana haƙa rami sun ƙidaya shi cikin ma'aikata. Na farkon ya ce, to haƙa rami ba aiki ba ne? Masu shan shayi suka rabu biyu, kowa na rantsuwa a kan lambar gwaninsa kamar da shi aka yi ƙidayar.

Mai shayi ya leƙo ya ce, "Inna Zali, ke da kinka shiga lakwal kinka yi boko da hurhura, raba mu. Wa ad da gaskiya?"

Na ce, "Ƙuli nika saidawa. In za ka saye, saye."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, kuma ban ji haushi ba. Warin anza, ɗan itacen dajin da ake ci lokacin yunwa, kawai na ji a hancina, alhali babu anza a kasuwar ranar.

Shekarar da aka fara barin jam'iyyu da yawa, ina da aure a wani ƙauye bayan dutsen Filinge. Mijina sunansa Gado. Da ba na faɗin sunan nan. Yanzu ya rasu, ni kuma na tsufa, zan faɗa. Ɗiya biyu gare ni: Rabi, wadda ta fara ɗaukar ƙaramin tulu, da Hajo, wadda na yaye da kaka. Babban gidan shi ne wan Gado, Yaya Bawa, shi ne kuma shugaban jam'iyyarsu a garin.

Daminar shekarar ba ta yi ba, amma mu gonarmu tana cikin kwari, mun samu abin sakawa a rumbu. Rumbunmu na zana ne, a kan duwatsu, da jinka mai nauyi wadda sai maza sun taru suke ɗaga ta. A lokacin mace ba ta hawa rumbun miji, ba ta leƙa cikinsa. An ce in idon mace ya ga cikin rumbu albarka ta gudu. Namiji ke shiga ya miƙo dami, ke kina ƙasa kin buɗe hannu. In kaka ta wuce maza za su tafi cin rani, sai a ɗora jinka a ɗaure, ba a buɗewa sai ruwa ya sauka, don masu noma su samu ƙarfin riƙe hauya. Tsakanin nan mace ta ci da kanta da ɗiyanta daga ɗan hatsin gamanarta, gonar da ake yanka mata a gefe, da abin da miji ya aiko in ya aiko. In abu ya yi tsanani ƙwarai, babban gida yana da ikon ya sa a ɗaga jinka a fid da dami ɗaya ko biyu. Haka muka taras, ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Da sanyi ya fara sauƙi kamfe ya shigo. Lokacin babu salula, rediyo guda ce a garin, ta mai tebur, maza su kewaye ta bayan la'asar. Gardamar ita ce wannan dai ta bana. Su Yaya Bawa suna cewa mutuminsu ya buɗe ayyuka, samari sun bar zaman banza. Ƴan ɗayar jam'iyyar suna cewa a nuna musu mutum guda a garin nan da ya samu aiki, guda tak. Wannan maganar ta ci wa Bawa rai. Ya yi ta zuwa Filinge har ran nan ya dawo da kamyo, babbar motar kaya, ya ce ana ɗaukar leburori a shantiye, wurin aikin hanya wajen Yamai, an ba shi gurbin mutum guda, ya ba ƙanensa.

Ba wanda ya taɓa barin garinmu da kiɗa sai Gado. Aka sa masa hular jam'iyya, maroƙi yana kirari, Bawa ya riƙe hannunsa sama yana cewa, "Ga guda! Kun ce a nuna muku guda, ga shi!" Kafin ya hau kamyo maza suka ɗora jinka a rumbunmu suka ɗaure. Gado ya ce mini, "Ki yi haƙuri kaɗan. Wata na ƙarewa ni aiko." Tun ranar aka daina ce mini Zali, sai matar ma'aikaci. Har na ji daɗin sunan kwana kaɗan.

Azumi ya shigo cikin kamfen nan, ya rufa mana asiri. Gidan da bai ɗora tukunya da rana ba, ai azumi ake yi. Ina daka ɗan hatsin gamanata da dusarsa, in dama kunu tsararo, yara su sha da safe da rana, ni in sha ruwa da abin da ya rage a gindin ƙwarya. Wata ya ƙare ba aike. Aka yi Salla, hatsin gamana ya ƙare, bazara ta buɗe baki.

Zafin bazarar ƙasarmu ta Kurfai ba ya bari ka yi tunani. Da hantsi ƙasa ta riga ta gasa tafin ƙafa, dutse yana mai da wuta kamar bakin tanda, iska in ta taso ba sanyi take kawowa ba. Rijiyarmu mai zurfi ce, ruwan ya koma can ƙasa, guga ta fito da rabi, rabin ma laka. Fulanin da muke ba dusa su ba mu nono sun kora shanu sun yi kudu. Sai muka koma daji. Mu fita tun da asuba mu mata, mu tsinko anza, mu shanya, mu fasa, mu fid da ƙwayar. Anza ɗaci gare ta mai kashe hanji, sai an tafasa an jiƙa, ana zubar da ruwa ana sake wani kwana da kwanaki kafin ta ciwu. To ga rijiya yadda take. Ruwan da za a sha shi ne ruwan da anza ke so. Muna rage mata kwanaki, mu ci da sauran ɗacinta. Muna haɗawa da ganyen jiga mu yi kopto, kwaɗon ganye, ba gishiri ba ƙuli. In mun ga gidan tururuwa mu tona, mu kwashe ƙwayar ciyawar da ta tara, mu sheƙe, mu daka. Aikin nan tare muke yi, babu mai magana. Mace ta gaji ta zauna, wata ta karɓi dagi.

Rabi cikinta ya karɓi anza. Hajo bai karɓa ba. Zawo ya kama ta, ya tsaya, ya dawo.

Wata rana muna dawowa daga daji da ƙwarya a kai, muka bi ta bakin tebur inda maza ke sauraron rediyo. Wani ɗan ɗayar jam'iyyar ya ɗaga murya ya ce, "Bawa, waccan ba matar ma'aikacinku ta ba? Albashin na ta tono ga tururuwa?" Aka bushe da dariya. Da yamma Bawa ya shigo gida ya tsaya a bakin ɗakina.

Ya ce, "Zali, ki bar bin matan nan daji. Kina zubda muna mutunci."

Na ce, "To Yaya, a buɗe rumbu."

"Gidan ma'aikaci ba ya buɗe rumbu da rani."

"An buɗe na gidan su Tani shekaranjiya. Kai kas sa hannu anka ɗaga jinkar, na gani."

"Mijin Tani cin rani yat tahi, ba shi da komi. Ke mijinki aiki garai. Aike na bisa hanya."

Ba zan ce Bawa azzalumi ne na cikin tatsuniya ba. Nasa rumbun ma a rufe yake, ɗiyansa ma anza suke ci, sai dai matarsa tana da awaki. Ya yarda da gaske cewa rumbun da aka taɓa da rani ba ya kai mutane kaka. Amma na sauran gidaje yana ɗagawa in an roƙe shi. Namu ne kaɗai ba ya ɗagawa, don ranar da aka ɗaga jinkarmu ranar garin zai ce gudan ma ƙarya ne.

Haka kuma aka yi da taimako ya zo. Buhunan dawa ne kaɗan, maigari ya raba wa gidajen da ba su da kowa. Da aka zo kaina, ƴan wancan ɓangaren suka ce ai gidan ma'aikaci ne, a tambayi Bawa in ba haka ba. Bawa ya ce haka ne. Aka wuce ni. Ranar ce kaɗai na ga ɓangarorin biyu sun yarda da magana guda.

Ana gab da zagaye na biyu na zaɓe wani ɗan garinmu mai fataucin albasa ya dawo daga Yamai. Ya same ni a rijiya, ya yi ƙasa da murya ya ce shantiyen nan an rufe tun bayan zagayen farko, ya ga Gado a tasha yana ɗaukar kaya in ya samu. Gaskiya ya faɗa. Daga baya da Gado ya dawo da bakinsa ya ce mini tsakuwa suka tara a bakin hanya, aka ɗauki hotonsu da shebur, ba a jima ba aka ce su jira a kira su. Ya kasa dawowa. Wanda aka raka da kiɗa, ya ce, da wane ido zai shigo gari hannu biyu? Da yanzu ne da na kira shi a salula na zage shi tas ya hawo mota. Samarinmu na yanzu da ke ramukan zinariya, kullum uwayensu na jin muryarsu, ko ba su aiko da komai ba. Lokacin sai dai ki tsaya a bakin hanya kina kallon ƙura.

Na kai wa Bawa labarin. Ya ce mai albasa ɗan adawa ne.

Ƴan adawar kuwa suka aiko mini wata tsohuwa. Wai in na tsaya a taronsu na faɗa da bakina cewa mijina ba shi da aiki, za su ba ni abin kirki. Na goya Hajo na je. Na tsaya gaban maza na faɗa, ban ji kunya ba, ban ji komai ba. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Da taro ya watse suka miƙo mini zane mai hoton mutuminsu. Na ce ina hatsi? Suka ce in sun ci zaɓe hatsi sai na ture. Na kai zanen kasuwa na musanya da dusa. Bawa kuwa daga ranar ya daina amsa gaisuwata.

Aka yi zaɓe, wanda ya ci ya ci. Lasifika suka yi shiru. Gardamar ba ta mutu ba a bakin tebur, kowa na jiran ya ga ko Gado zai dawo da kaya ko da hula kaɗai.

Ƙafafun Hajo suka kumbura. In na danna da yatsa ramin ya zauna. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, yana fita a hannuna. Ta bar kuka. Na goya ta na taka har likita a Filinge, na bi ta hanyar dutse rana na dukanmu. Majo, malamin asibitin, ya duba idonta, ya duba ƙafar, ya ba ni garin da ake damawa a ruwa don zawo. Ya ce, "Madam, yarinyar ga ba magani taka so ba. Kunu mai kauri, da nono in da hali. Babu hatsi gidanku?"

Na ce akwai.

Ya dube ni, na dube shi, na ɗaure goyona na fito.

Washegari na bi matan da muke zuwa daji tare ɗaya bayan ɗaya, na ce su zo mu ɗaga jinkar mu kaɗai. Kowace ta sunkuyar da kai. Tani ta ce, "Zali, ni ma rumbu garan gida. In anka ce hannuna ya taɓa jinka, ina za ni?" Ban ga laifinta ba. Da rana ta take, gari ya yi tsit kowa ya shige inuwa, na ɗauki lauje na shiga ƙarƙashin rumbu na yanka zana daga ƙasa. Ban leƙa ba, hannu kawai na tura na zaro zangarniya, na cika bakin zanena. Na dama wa Hajo kunu mai kauri. Ta sha kaɗan, ta yi barci. Na sake zarowa washegari.

Tsuntsaye suka tona ni. Ƙwayar da ta zube ta tara su ƙarƙashin rumbu, a garin da tsuntsu ya daina sauka. Bawa ya bi su ya ga ramin. Bai dake ni ba. Ya sa aka toshe, aka saro ƙayar aduwa aka kewaye rumbun har ƙugu. Tsofaffi suka yi ta salati, mace ta huda rumbu, bana sai abin da Allah Ya yi. Na je na durƙusa a gabansa da Hajo a hannu, na buɗe zane na nuna masa ƙafafun.

Ya kau da kai ya ce, "Hadari ya hwara taruwa gabas. Ruwa na sauka Gado shi zo shi buɗe da hannunai. Ki yi haƙuri kwana kaɗan."

Hadarin yana taruwa kuwa. Kullum da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, a ji ƙamshin ruwan da ya zuba a wani wuri, sai ya watse. Dare ya yi zafi ya fi rana.

Ran nan da hantsi Hajo ta rasu, ina tsiyaye ruwan anza. Rabi ce ta ce, "Inna, Hajo ta bar kore ƙuda." Na gama tsiyayewa, na zuba sabon ruwa, sannan na je. Ban yi kuka ba. Mata suka shigo suna cewa in yi haƙuri, ina amsawa. Aka yi mata wanka da ruwa kaɗan, maza suka ɗauke ta a tabarma, mutum guda ya ishe ta. Ba su daɗe ba suka dawo.

Sai mutane suka fara zuwa gaisuwa, saboda Bawa babba ne a jam'iyya. Daga ƙauyukan kewaye, har da mota daga Filinge. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ina zaune a tsakar gida na ji Bawa yana cewa a kira samari. Gidan ma'aikaci, ya ce, ba a zuwa gaisuwa a tashi ba sadaka. Suka janye ƙaya. Suka kwance igiya, suka yi bisimilla, suka ɗaga jinkar suka aje ta a ƙasa kusa da murhuna. Ƙamshin hatsi ya cika gidan. Na daɗe ban ji shi da yawa haka ba, har yawu ya taru a bakina, ranar da aka binne ɗiyata. Bawa ya shiga ya miƙo dammuna.

Mata suka sussuka, suka sheƙe, suka surfa. Suka ce in zauna, na ƙi. Na karɓi taɓarya. Muka daka gumba mai yawa, aka cura, aka kai waje. Ina jin masu gaisuwa suna ci suna addu'a. Can na ji wani ya ce wa wani ai ko a rediyo an faɗa jiya, ayyukan nan ƙarya ne, wani ya ce a bari dai a tashi daga zaman makoki.

Rabi tana tsugune tana lasar turmi.

Na dube ta. Na dubi wuyanta, na dubi ƙafafunta. Ba su kumbura ba tukuna. Na dubi jinkar da ke aje, da yamma za a mai da ita a ɗaure. Na tashi na ɗauko gatari. Ba fushi nake yi ba, jikina sanyi ƙalau kamar zan tafi itace. Na sare tankar farko, na sare ta biyu, na zare ciyawar, na tura a murhu na ɗora tukunyar kunu. Tsohuwar ciyawa ce, ta kama nan da nan. Matan suka tsaya da taɓare a hannu. Tani ce ta matso ta gyara mini zaman tukunyar.

Kafin hayaƙi ya kai wa maza labari na ci rabin jinkar. Bawa ya shigo da gudu, baƙi na biye da shi.

"Zali! Mi kinka yi haka?"

Na ce, "Icce ya ƙare, Yaya."

"Jinkar rumbu? Da mi za mu ruhe shi? Ina anka ga ciyawa yanzu?"

"Ka aika ma ma'aikaci shi aiko da kwano."

Ya ɗaga hannu. Ya tuna akwai baƙi, ya tuna wadda aka binne ɗazu, ya sauke. Ya tsaya yana kallon wutar. Ni na ci gaba da dama kunu. Da ya yi kauri na zuba wa Rabi a ƙwarya, na ce ta bari ya huce, ba ta bari ba.

Ciyawar jinka ba ta samuwa sai bayan damina, kowa ya san haka. Suka jefa tsohuwar tabarma a bakin rumbun suka danne da itace, abin da ko Rabi za ta iya turewa.

Da gari ya waye na jingina turmi a jikin rumbu na taka na hau. Bawa yana alwala a ƙofar ɗakinsa, yana kallona. Na ture tabarmar. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin cikin rumbu ba. Na ɗauka zan ga wani abu. Hatsi ne kawai, dami a kan dami, a jere, har wuya. Abin da aka ɗiba don sadaka ko gurbinsa ba a gani.

Na ɗauki dami guda na miƙa ƙasa. Rabi ta buɗe hannu ta karɓa.